A Cire Tsoho, A Sa Sabo

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗo tun safe, ya tsaya a sama, ya ƙi zuba ya ƙi tafiya. Ina bakin shago ina gyaran ƙafar kujera sai ga surukina yana saukowa daga bene, taku ɗai-ɗai, hannu a baya.

Ni kafinta ne. Duk layinmu Tsoho ake ce min, har waɗanda suka girme ni. Shagona yana ƙasa. Ɗakin sama na ba wasu masu harkar kwamfuta. Ban yi nisa a makaranta ba, amma 'yata Auta ta yi min bayanin aikinsu har na gane. Kwamfuta gangar jiki ce. Abin da suke haɗawa shi ne ran da ke tada ita. Suna haɗawa su raba wa duniya kyauta. Sai da na sa ta maimaita min wannan wurin.

Duk shekara suna fitar da sabuwa, su raɗa mata sunan tsuntsu. Ta farko Agwagwa. Sai Balbela. Sai Carki. Ta bana Dawisu. Kowace da hotunanta: wanda ke fitowa in an kunna, wanda ke shimfiɗe a fuskar kwamfutar, da tambarin da ake bugawa a riga. Tsofaffin kuma ba a zubar da su, don akwai mutane a garuruwa masu nisa da har yau Balbela suke aiki da ita, ba su yarda a taɓa musu tsuntsu ba.

Dawisun bana Auta aka ba ta zana. Yarinyar nan tun tana rarrafe take ɓata min katako da fensir. Mai gidan ɗab'in da ke ƙarshen layi ya ce zai zo ranar fitarwa ya ga hannunta. In ya yi masa, zai ba ta tebur a ɗakin zanensa. Ba ta taɓa ce min tana so ba. Ta dai daina cin abinci sosai.

Mijinta kuwa sana'arsa ba da shawara. Yana hawa bene ne saboda fanka.

Ya durƙusa rabi yadda ya saba, gwiwa a iska saboda wando.

"Baba, a taya ni murna. An damƙa min hotuna."

"Na wa?"

"Na tsuntsayen gaba ɗaya. Injiniya ta ce sun watse, wannan a nan, wancan a can, ta tambaya wa zai tattara su. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na miƙe."

Injiniya ita ce shugabarsu. Mace ce mai ƙarancin magana, shi ya sa muke shiri.

Na ce, "Ita ta ce kai?"

"Ba ta ce ba ni ba."

Maƙwabcina Mai Faci yana zaune kan taya a bakin ƙofarsa, kunnensa a shagona kamar kullum. Ya ce, "To yanzu me za mu riƙa ce maka?"

"Daraktan Zane."

"Ka iya zane?"

"Darakta ba ya zane. Yana duba masu zane."

"Ashe ni ma daraktan mota ne ban sani ba."

Daga ranar sunan Darakta ya bi surukina. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

Ya ɗauki guntun katako, ya zare fensir daga bayan kunnena ba tare da ya tambaya ba, ya zana akwati biyu. Dukansu a karkace.

"Baba, mutanen nan suna wahalar da kansu. A cikin kwamfuta akwai abin da ake kira folda, kamar aljihun tebur. Su sun yi wa Agwagwa nata, Balbela nata, Carki nasa, kowanne kuma da wasu a cikinsa. Ni na zauna na yi tunani. Duk abin da ke duniya iri biyu ne. Ko sabo ne, ko tsoho ne. Folda biyu, an gama."

Mai Faci ya ce, "Tayar da ta ɗan sha hanya amma da sauranta fa?"

"Tsohuwa ce. Ba a gaya mata ba ne."

Na ce, "Tsuntsu huɗu, akwati biyu. Uku za su kwana ɗaki ɗaya."

Ya yi min irin murmushin da ake wa mara lafiya. "Baba, wannan ba katako ba ne. Ilimi ne."

Na karɓi fensirina na ci gaba da aiki. Mutumin nan ya taɓa gyara min gwangwanayen ƙusa ranar da na je ganin likita. Ya jera su bisa ƙyalli. Masu sheƙi gwangwani ɗaya, masu tsatsa gwangwani ɗaya. Har yau in ina neman ƙaramar ƙusa sai na zazzage duka a ƙasa.

Kafin ya tafi ya ce in yi masa allon suna na ɗorawa kan tebur. Na buɗe baki zan ba shi amsa sai na hangi Auta a kan matakala tana kallona. Na yi masa allon. Katako mai kyau ma na sa.

Dawisun da Auta ta fara zanawa na gan shi. Tsuntsu ne a tsaye, wutsiya a ƙasa, ya ɗan karkata kai kamar ya ji motsi a bayan gida. Ka ce yanzu zai taka ya fita daga allon.

Darakta ya duba ya ce tsuntsun ba shi da kwarjini. A buɗe wutsiya. Ta buɗe. A ƙara mata faɗi. Ta ƙara. A sa zinare. A ɗora masa kambi a ka.

"Dawisu yana da nasa tukkun," in ji ta.

"Wannan na haihuwa ne. Ina maganar na muƙami."

Duk gyaran da ta yi sai ya ce ta adana shi da suna sabo. Da suka yi yawa sai ya zama sabo na gaske. Sai sabo na ƙarshe. Sai sabo na ƙarshe kada a taɓa. Washegari ya taɓa.

In ta gaji da dawisun sai ta sauko da allon zanenta mai batir, ta zauna kan benci cikin garin katako, ta zuba min ido, hannunta yana ta motsi.

"Me kike kallo?"

"Ba komai, Baba. Ci gaba da aikinka."

"Ki daina dubana kamar likita."

Sai ta yi dariya ta juya allon zuwa ƙirjinta.

Riguna ne suka fara isowa. Darakta ya tura wa mai buga riga hoton ta waya, haɗe da sunan da aka adana shi. Mutumin kuma ya buga abin da aka tura masa. Aka kwance ƙunshi a bakin shagona. Ga dawisu a ƙirji yana walƙiya, a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe an rubuta SABO NA ƘARSHE KADA A TAƁA.

Darakta ya karanta rubutun. Sannan ya ce, "Madalla. Ya bi umarni. Taken bana ke nan."

Mai Faci ya ɗaga guda yana dubawa. "Darakta, a sam min ɗaya. Ƙanena zai yi aure, amarya za mu sa wa."

"Ba ta jahilai ba ce."

"Shi ya sa na ce a ba amarya. Ta yi karatu."

Bayan riguna sai ƙyallen talla. An tambaye shi girman da yake so, ya ce mafi girma. Aka kawo abu kamar rumfar kasuwa. Da aka rataya shi daga sama, wutsiyar kaɗai ta cinye gaban gidan, sai da aka zagaya da sauran ta kwana. Kan dawisun da kambinsa suka koma lungun Mai Faci, inda ba mai bi sai masu fitsari. Gindinsa kuwa ya tsaya daidai saman ƙofata. Ƙyallen ya rufe tagogin sama, su Injiniya suka koma kunna fitila da rana tsaka.

Wata mata ta zo karɓar teburinta, ta ɗaga kai, ta ce, "Tsoho, kaji ka koma sayarwa?"

Na ce ta ɗauki teburinta.

Darakta ya tsaya a tsakiyar titi, hannu a ƙugu. "Ba ku gane ba ne. Mutum zai ga baya, hankalinsa ya tashi, ya zagaya neman kai. Haka ake jan jama'a."

Mai Faci ya ce, "Gaskiya ne. Tun safe mutum biyu sun zagayo. Sun yi abin da ya kawo su sun tafi."

Ana sauran 'yan kwanaki fitarwa wani malamin makaranta ya bugo waya daga wani gari. Ya ce sun rufe kwamfutoci da Balbela, sun buɗe sun tarar da Carki, yara sun ce ba nasu ba ne. A gabana Injiniya ta tare Darakta a matakala.

"Ina Balbela?"

"Tana cikin tsoho."

"Agwagwa fa?"

"Tana cikin tsoho."

"Na buɗe, Carki kaɗai na gani."

"Ana cikin aiki ne, ranki ya daɗe. Tsuntsu ai tsuntsu ne."

"Ka mayar da kowanne gidansa kafin Asabar. Ina fama da abin da ya fi hoto."

"Ki ɗauka an gama."

Ta dube shi, ta dube ni, ta hau. Da gaske aiki ya sha mata kai a makon, ko gaisuwa da hannu take yi.

Ranar Alhamis na hau sama duba wani tebur da ke rawa. Na tarar da Darakta shi kaɗai gaban kwamfuta, allon sunansa a gabansa, ya soka filas ɗin Auta, ɗan abin nan da take adana zanenta a ciki, a gefe ɗaya, wayarsa a ɗaya gefen. Ya sa sabuwar kwat. Ya ce daga wurin mai hoto yake, ya ɗauko na katin wuya. Ya nuna min a waya, shi ma ya adana shi da suna sabo. Ya tallafe haɓa da yatsa, haƙora duka a waje.

"Baba, zo ka ga ilimi. Injiniya tana tsoron wani abu zai ɓace. To na ce wa kwamfuta ta bi ko'ina, filas ɗin Auta, wayata, duk inda ta ga abu mai suna tsoho ko sabo ta kwaso ta zuba a gidansa. Ko ɗaya ba zai tsira ba."

Wani ɗan rubutu ya fito. Ya danna. Ya sake fitowa. Ya sake dannawa.

Na ce, "Me take cewa?"

"Cewa take, akwai wani mai wannan suna, a maye gurbinsa? Ka gani? Ba ta motsi sai da izinina."

"Wanda aka maye gurbin nasa ina yake zuwa?"

"Yana matsawa ciki."

"Ka duba?"

"Baba, shugaba ba ya leƙa aljihun tebur."

Ya danna, ya danna, har da kaɗa ƙafa. Sannan ya ce in tsaya in ji wani abu da ya ƙirƙiro da kansa. Duk wanda ya tashi daga tsohon tsuntsu zuwa Dawisu, kwamfutarsa za ta fara nuna masa hoton tsohon da rubutun ban kwana, sannan ta nuna sabon. Ya gyara murya ya karanta min.

"Wannan tsohon ya gama aiki. Ba za a ƙara gyara shi ba. A cire shi." Ya ɗaga yatsa. "Sai na biyu ya fito. Ga wanda ya maye gurbinsa."

Na ce, "Maganar ta yi wa tsuntsu tsauri."

"A harkar ilimi ba a tausayi, Baba."

Na duba teburin. Ƙafa ɗaya ce ta gaza. Ban sami abin da zan sa mata ba, na sauko.

Da nake shiga shago Mai Faci ya ce, "Tsoho, jiya na ga surukinka yana auna gaban shagon nan da taku."

"Wurin kujeru yake aunawa."

"Haka ma na ce wa mutane."

Asabar da la'asar aka yi taron. Sama ba za ta ɗauki jama'a ba, don haka aka kwashe min shago, aka jera bencina, aka rataya farin zanin gado a bango, aka kafa majigi. Malamai sun zo, maƙwabta sun zo, har masu wucewa da suka ga bayan tsuntsu suka tsaya. Mai gidan ɗab'i ya zauna a sahun gaba, tabarau a hanci. Darakta ya kama hannuna ya zaunar da ni a kujera mai hannu, daf da zanin, ya ce ni ne uban taro. Uwar Auta tana gefena. Auta tana can baya kusa da ƙofa, tana murza bakin mayafi.

Na ji Injiniya tana ce masa, "Kawo in duba kafin a nuna."

"Ranki ya daɗe, ai ya riga ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Duniya. Tun da safe na sake shi. Na ga kina barci a kan tebur, na ce kada a tashe ki."

Ta zaro wayarta, wadda take ta ƙugi a aljihu, ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗago ta kalle ni. Ni dai ban san laifin da na yi mata ba. Ta buɗe baki, amma Darakta ya riga ya hau kan akwatin kayan aikina ya fara jawabi.

Ya yi magana a kan duhu da haske. Ya ce kafin zuwansa tsuntsaye suna yawo ba makiyayi. Ya ce manyan ƙasashe za su zo koyon tsarin folda biyu. Sannan ya ɗora yatsa a goshinsa.

"Duk hoton da za ku gani yau, daga cikin kan nan ya fito. Akwai waɗanda suka taimaka da hannu, ban hana ba, sunansu yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Amma hannu kowa yana da shi."

Mai gidan ɗab'i ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Na juya na kalli Auta. Kanta a ƙasa.

Aka ja ƙofa, wuri ya yi duhu. Darakta ya ce, "Ku yi ban kwana da Carki." Ya danna.

Fuskata ta cika bango.

Zane ne, ba hoto ba. Ga gira a haɗe. Ga fensir a bayan kunne, ga garin katako a gemu, ga ƙusa a gefen baki. Idon hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta. Kallon da nake wa mutum ne in ya kawo min karkataccen katako ya rantse miƙaƙƙe ne. Ban taɓa ganin kallon ba sai ranar. Na gane abin da ya sa ba a daɗewa a shagona.

Sai muryar Mai Faci daga baya, a hankali, kalma-kalma, wai don waɗanda ba su iya karatu ba.

"Wannan tsohon ya gama aiki. Ba za a ƙara gyara shi ba. A cire shi."

Wani ya yi tari. Wata ta toshe baki da mayafi.

Darakta ya ce, "Ƙaramar matsala ce." Ya danna da sauri.

Fuskata ta ɓace. Tasa ta fito. Sabuwar kwat, yatsa a haɓa, haƙora duka a waje.

Mai Faci ya ce, "Ga wanda ya maye gurbinsa."

Benci ɗaya ya kife da mutanen da ke kai. Malamin da ke bayana ya dafa kafaɗata yana neman numfashi, ya tuna ko ni wane ne, ya janye hannu.

Uwar Auta ba ta yi dariya ba. Ta dubi surukinta ta ce, "Ɗan nan, ka bari ya kwanta tukuna mana."

"Mama, wallahi ba haka ba ne."

Mai Faci ya ce, "Ni dai na ce wurin kujeru yake aunawa."

Darakta ya danna baya, na fito. Ya danna gaba, ya fito. Baya, ni. Gaba, shi. Ya fizge waya daga soket, fanka ta tsaya. Ya fizge wata, firijin mai sayar da ruwa da ke jone da shagona ya mutu, matar ta leƙo tana tambaya. Da ya rasa yadda zai yi sai ya tsaya gaban majigin ya buɗe hannuwa. Fuskata ta sauka a kan cikinsa, tana harararsa daga ƙasa.

Wani ya ce, "Injiniya, me duniya ta ce?"

Ta duba waya. Muryarta ba ta canja ba. "Wani yana tambaya wane tsuntsu ne. An ba shi amsa mujiya. Wani ya ce mujiya ba ta kai haka fushi ba." Ta ɗan ja ƙasa. "Wani yana tambaya ko dattijon ba shi da lafiya ne, me ya sa ba za a gyara shi ba. Wata ta ce tun da hoton ya fito yaranta suka daina wasa da kwamfuta, don Allah kada a cire."

Ana cikin haka mai gidan ɗab'i ya miƙe. Mutum ne mai jiki, in ya miƙe ana sani.

"Malam, matsa. A mayar min da na farkon."

Darakta ya matsa. Na dawo bango.

Mutumin ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya matsa daf da zanin. Ya daɗe. Sannan ya juyo, fuska ba wasa.

"Wa ya yi wannan?"

Darakta ya dubi girman mutumin, ya dubi ƙofa, ya ga a rufe take.

"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne. Ban taɓa ganinsa ba. Ni ko miƙaƙƙen layi ban iya ja ba, a tambayi Baba." Ya miƙa hannu can baya. "Ita ce. Matata. Duk wani zane da ke gidan nan ita ce, har dawisun. Ba hannuna a ciki ko kaɗan."

Mai Faci ya ce, "Kan nan fa?"

"Kai daban, laifi daban."

Mai gidan ɗab'i ya dube ni, ya dubi bango, ya sake dubana.

"Baba, ɗan ɗaure fuska in gani."

"Ban sake ta ba."

"Haka ne," in ji shi. Ya ɗaga murya kaɗan. "Ke, 'yata, matso." Auta ta taho tsakanin benci kamar mai zuwa karɓar hukunci. "Litinin da safe ki zo, akwai tebur kusa da taga. Amma wancan abin mai zinare da ke rataye a waje, kada ki biyo da shi ta ƙofata."

Ta ce, "Akwai na farko a takarda, kafin a yi masa naɗi."

"Shi za ki kawo."

Da jama'a suka fara fita, kowa yana zuwa yi min sallama yana kallon ƙasa, Auta ta zo ta durƙusa gefen kujerata.

"Baba, ka yi haƙuri. Kyauta na so in yi maka. Sunan da na adana shi da shi ke nan, tsoho. Ban san zai kwaso ba."

Na ce, "Hancin ya yi girma."

"Haka yake, Baba."

"Na sani."

Injiniya ta kwashi mutanenta suka hau sama. Ashe kowannensu yana da tsuntsayen a ajiye a tasa kwamfutar. Kafin rana ta faɗi Balbela ta koma wa masu Balbela, Agwagwa ta koma ruwanta. Da ta sauko, ta miƙo min allon sunan nan. Darakta kuwa an ba shi sabon muƙami, sauke ƙyalle.

Na same shi a waje riƙe da tsani. Ya durƙusa, wannan karon har ƙasa.

"Baba, in ka lura da kyau, tsarin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Tsoho ya fito a gurbin tsoho. Sabo ya fito a gurbin sabo. Jama'a ne ba su shirya ba."

Na dube shi. Yanzu na san yadda kallon yake. Ya ce bari ya hau kafin ruwa ya sauko. Yana kaiwa sama ruwan ya sauko.

Washegari da safe na sa Auta ta buga min zanen a takarda mai kauri. Na ɗauko katakon da na daɗe ina ɓoyo, na haɗa masa firam. Rubutun ƙasan na sa wuƙa na yanke. Na kafa shi a gindin matakala, daidai tsayin idon mai hawa. Sannan na ɗauki allon Darakta na hau sama, na kifa shi, na tura shi ƙarƙashin ƙafar teburin nan da ta gaza. Na jijjiga. Tebur ya daina rawa.